Robar da ke narkewa a jiki: Yadda tauri da laushin ƙwayoyin nano ke juya akalar magani

Duk wanda ya saba duba bayanan waya kafin ya saya ya sha cin karo da kalmar nanomita. Wannan kamfani ya ce ƙwaƙwalwar wayarsa ta nanomita 4 ce, wancan ya ce tasa ta nanomita 3 ce. Nanomita ɗaya shi ne abin da za ka samu idan ka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya. Silin gashin kai guda yana da kaurin da ya kai kimanin nanomita 80,000. To, ba masu ƙera wayoyi kaɗai ke aiki a wannan 'yar mitsitsiyar duniya ba. Masu haɗa magunguna ma sun daɗe a cikinta, suna ƙera wasu 'yan ƙwayoyi masu girman nanomita 100 zuwa 200, su cusa magani a ciki, su tura su cikin jikin mutum, ƙwayoyin su riƙa sakin maganin a hankali, sannan su narke su ɓace.

A yau za mu duba wani ɓangare na wannan fasaha da ba a cika magana a kansa ba, wato tauri ko laushin ƙwayoyin, da kuma dalilin da ya sa zafin garuruwanmu ya shigo cikin lissafin.

Me ya haɗa wannan da Kwanar Ɗangora?

Kwanar Ɗangora mahaɗa ce a kan titin Kano zuwa Zariya. Daga nan hanya ke ballewa ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ta nufi Jos. Mutanen Kiru da Bebeji ma a nan da yawansu ke hawa babban titi. Majinyacin da aka tura daga wani ƙauye na Doguwa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Dawanau, ta nan zai bi, shi da mai rakiyarsa. Kuɗin mota na mutum biyu ne, zuwa da dawowa, ga wunin aikin gona ko na kasuwa da ya tafi.

Cututtuka da yawa ba sa jin maganin rana ɗaya. Mai tarin fuka sai ya yi wata 6 yana shan magani kullum. Yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 da ake ba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina, kowane wata sai an ba su na kwana uku, har damina ta ƙare. Mai lalurar ƙwaƙwalwa kuwa yakan yi shekaru a kan magani, kuma da zarar ya yi fashi ciwon na iya dawowa. A duk waɗannan, babbar matsalar ita ce ɗorewa: mutum ya ji sauƙi ya daina, ko kuɗin mota ya gagara, ko a manta.

Abin da masu wannan fasaha ke nema shi ne allura ɗaya ta yi aikin ƙwayoyin mako biyu, ko na wata, ko fiye. Ga mazaunin birni wannan sauƙi ne kawai. Ga wanda ke bayan dajin Falgore kuwa, yana iya zama bambancin da ke tsakanin kammala magani da yanke shi a tsakiya.

Robar da jiki ke cinyewa

Sinadarin da ake ƙera ƙwayoyin da shi ana kiransa folima, wato ƙananan sinadarai iri ɗaya da aka jera suka zama doguwar sarƙa, kamar carbi. Ledar da ke toshe mana magudanan ruwa folima ce, amma irin wadda ruwa ba ya iya tsinka sarƙarta. Akwai kuma irin da ruwa ke tsinkawa sannu a hankali. Fitattu a cikinsu su ne PLA da PLGA.

PLA ana yin ta ne da sinadarin laktik, wanda shi ne ke sa nono da kindirmo tsami. PLGA kuma haɗin laktik ne da wani ɗan'uwansa mai suna gilaikolik. Idan suka shiga jiki, ruwan jiki yana tsinka sarƙar gaɓa-gaɓa har ta koma waɗannan sinadarai biyu, jiki kuma ya sarrafa su ya fitar da su ta numfashi da fitsari.

Wataƙila mai karatu ya riga ya san wannan roba ba tare da ya san sunanta ba. Idan an yi wa mace tiyatar haihuwa aka ce zaren ciki ba sai an cire ba, da kansa zai narke, sau da yawa irin wannan zare ne. Zaren Vicryl, wanda ya shigo kasuwa a 1974, kashi 90 cikin 100 gilaikolik ne, kashi 10 laktik. Bayan mako 2 a jiki yana riƙe da kusan kashi 75 na ƙarfinsa, bayan mako 3 kusan rabi, amma ba ya gama ɓacewa sai tsakanin kwana 56 zuwa 70. A lura da wannan, domin za mu dawo kansa: ƙarfin robar yana tafiya tun kafin jikinta ya tafi.

Mai haɗa magani yana iya saita tsawon lokacin narkewa ta hanyar sauya ma'aunin haɗin. PLGA mai rabi da rabi ita ce mafi saurin narkewa, cikin wata ɗaya zuwa biyu. Idan aka ƙara yawan laktik sai ta ƙara daɗewa, har wata biyar ko shida. A kan wannan dabara aka gina allurai irin su Lupron Depot, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1989 don sankarar mafitsara ta maza, da Risperdal Consta ta 2003, wadda ake yi wa masu lalurar ƙwaƙwalwa sau ɗaya duk mako 2. Sai dai ƙwayoyin da ke cikin waɗannan allurai manya ne, sun ninka na nano sau ɗaruruwa, kuma a cikin tsoka suke zama inda aka soka su. Ƙwayoyin nano su ne ake so su shiga jini su yi tafiya, su kai magani inda ciwon yake. A wannan tafiya ne batun tauri ya zama babba.

Darasi daga sikila da zazzaɓin cizon sauro

Mu a arewa mun san abin da taurin ƙwaya ke haifarwa a cikin jini, ko da ba mu kira shi da wannan suna ba. Jar ƙwayar jini lafiyayya tana da faɗin nanomita 7,000 zuwa 8,000, amma a cikin saifa dole ta ratsa wasu tsagogi da faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nata ba. Tana wucewa ne saboda laushinta: ta lanƙwashe, ta miƙe, ta fita, ta koma siffarta. Haka take yi har kimanin kwana 120. Idan ta tsufa ta yi tauri, sai saifa ta kama ta ta fitar da ita daga aiki.

A jikin mai sikila ƙwayar tana sandarewa tun tana sabuwa, shi ya sa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, kuma takan toshe ƙananan hanyoyin jini ta jawo ciwon nan mai tsanani. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ma idan ta shiga jar ƙwayar jini tana sa ta tauri, wannan na cikin dalilan da ke sa saifar yara kumbura a inda cutar ta yi yawa.

Saifa da hanta ba sa bambanta tsohuwar ƙwayar jini da ƙwayar magani da aka ƙera a ɗakin gwaji. Abin da ya gaza nanomita 6 ƙoda ce ke tace shi ya bi fitsari. Abu mai tauri da ya wuce nanomita 200 yakan maƙale a saifa. Abin da ke tsakani kuma yana fuskantar wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a hanta, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon abu.

A 2011 ayarin Farfesa Joseph DeSimone na Jami'ar North Carolina a Amurka ya gwada wannan kai tsaye. Sun ƙera ƙwayoyi masu siffa da girman jar ƙwayar jini da wata folima mai shan ruwa, wasu masu tauri wasu masu laushi, suka zuba wa ɓeraye a jini. Da suka rage taurin sau 8, tsawon zaman ƙwayoyin a cikin jini ya ninku kusan sau 30. Masu taurin rabinsu ya bar jini cikin kimanin awa 3, masu laushin sai da suka haura awa 90. A 2015 ayarin Farfesa Samir Mitragotri a Kalifoniya ya maimaita irin wannan da ƙwayoyin nano na gaske masu girman nanomita 200. Nan ma masu laushi sun fi daɗewa a jini, ƙwayoyin garkuwar jiki kuma sun fi saurin haɗiye masu taurin.

Dalilin yana da sauƙin ganewa. Idan ƙwayar garkuwa za ta haɗiye abu, sai ta naɗe shi da fatarta. Abu mai tauri yana tsayawa cak a naɗe shi. Mai laushi kuwa yana bajewa, yana sauya siffa, naɗe shi na cin ƙarfi da lokaci. Gwada ɗaukar ƙwallon goriba da yatsu biyu, sannan ka gwada ɗaukar curin kamu mai ruwa-ruwa.

Amma laushin ma yana da nasa cikas. Ƙwayoyin da ake son maganin ya shiga, kamar na sankara, su ma sun fi saurin haɗiye mai tauri. Ke nan mai ƙira yana tsaka mai wuya: ya sassauta ƙwayar ta daɗe a jini amma ta yi wuyar shiga inda aka aike ta, ko ya taurara ta hanta ta kwashe mafi yawa a hanya. Ƙari a kan haka, PLA da PLGA a busshe masu tauri ne ƙwarai. A ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi, taurin PLA ya kai kimanin gigafaskal 3, na jar ƙwayar jini kuwa 'yan gomman kilofaskal ne. Tazarar ta kai ninki 100,000. Shi ya sa masu bincike ke gauraya su da folimomi masu laushi irin su PEG, ko su yi ƙwayar da ruwa ko mai a tsakiyarta da siririn ɓawo a waje.

Sannan a tuna da darasin zaren tiyata. Ƙwayar da aka soka yau ba ita ce ta mako biyu masu zuwa ba. Ruwa ya shige ta, sarƙoƙinta sun gajarce, ta yi laushi, ta kumbura, ramuka sun buɗe a jikinta. Yadda taurinta ke raguwa shi ke tsara yadda maganin ke fita, ko a hankali kamar ɗigon famfo, ko gaba ɗaya kamar an fasa tulu.

Ta yaya ake auna taurin abin da ido ba ya gani?

Ana amfani da wata na'ura mai suna AFM, wadda Gerd Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka ƙirƙiro a 1986. Ba ta kallo da haske kamar madubin likita na yau da kullum, lalube take yi. Tana da wani ɗan siririn hannu mai tsini a baki, tsinin da kaifinsa bai wuce 'yan nanomita ba. Ana saukar da tsinin a kan ƙwaya ɗaya a danna, hasken leza da ke haska bayan hannun yana nuna yadda ya lanƙwasa, kwamfuta kuma ta lissafa yawan ƙarfin da aka sa da zurfin da ƙwayar ta loɓa. Kamar yadda mai sayen mangwaro ke danna shi da babban yatsa ne, illa dai nan ƙarfin dannawar kashi ɗaya ne cikin biliyan na ma'aunin niyuton.

Akwai hannun 'yan Najeriya a wannan fage. Farfesa Wole Soboyejo, injiniyan da ya koyar a Jami'ar Princeton kuma ya shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, shi da ɗalibansa sun wallafa bincike kan ƙwayoyin PLGA da aka cusa wa magungunan sankarar mama, sun kuma yi amfani da AFM wajen auna yadda magani ke manne wa ƙwayoyin sankara. A Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, Farfesa Anthony Attama ya yi aiki kan cusa magungunan zazzaɓin cizon sauro cikin ƙwayoyin nano na kitse.

Inda zafin Kano ya shigo

Kowace roba irin wannan tana da wani matakin zafi da idan ta kai shi take sauya hali, daga mai tauri kamar gilashi zuwa mai laushi kamar danƙo. Ka dubi alewa: da hunturu ƙaras take karyewa, da bazara sai ta yi lagwab ta manne da 'yar'uwarta a cikin leda. Ƙaro ma haka, busasshensa yana fashewa kamar kwalba, da ya sha laima sai ya fara yauƙi. Masu amfani da na'urar buga abubuwa ta 3D sun san wannan, domin zaren da suka fi aiki da shi PLA ne, kuma abin da aka buga da shi yakan lanƙwashe idan aka bar shi a cikin mota a rana. PLA tana sauya hali a wajen digiri 60.

PLGA kuwa tana sauyawa ne tsakanin digiri 40 zuwa 55, gwargwadon haɗinta, kuma laima tana ƙara saukar da wannan mataki. Yanzu a kwatanta da yanayinmu. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40 a inuwa. Cikin but ɗin motar haya da ke jiran fasinja a Kwanar Ɗangora da tsakar rana, ko shagon magani mai rufin kwano da babu silin, ya fi haka nesa. Da damina kuma laima ce ke karɓar aiki.

Idan ƙwayoyin suka wuce matakin nan a ajiye, abubuwa uku na iya faruwa. Na farko su manne da juna su zama curi, curin ya toshe bakin allura ko ya maƙale a saifa. Na biyu maganin da ke ciki ya samu damar matsowa bakin ƙwayar, ya fita da yawa a ranar farko. Na uku tsarin narkewar ya sauya, maganin wata ya ƙare kafin wata. Masu gwaji sun san ƙarfin zafi a kan wannan roba sosai, har sukan ɗaga zafin gwaji zuwa digiri 45 da gangan don su ga cikin 'yan kwanaki abin da zai ɗauki makonni a jikin mutum. Haɗarin shi ne duk wannan na faruwa ba tare da kwalbar ta nuna wata alama ba.

Shi ya sa Risperdal Consta ke buƙatar firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a yarda ta wuce kwana 7 a waje ba, shi ma da sharaɗin zafin bai haura digiri 25 ba. Najeriya tana cikin rukunin ƙasashe masu zafi da laima da ake gwada juriyar magani a digiri 30 da laima kashi 75 cikin 100. Wannan ma'auni ne na ɗakin ajiya mai kyau. Tafiyar magani daga babban ɗakin ajiya a Kano zuwa ƙaramin asibiti a Riruwai wani gwaji ne daban, kuma firji mai aiki da hasken rana da na'urar da ke rubuta zafin akwati a kan hanya suna da muhimmanci daidai da ƙwayar kanta.

Ina aka kwana?

Gaskiyar magana, alƙawarin ya fi abin da ya iso hannu yawa. A 2016 ayarin Farfesa Warren Chan na Jami'ar Toronto ya tattara binciken shekara 10 da aka yi a kan dabbobi, ya gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na ƙwayoyin nano da aka zuba a jini ke isa ga ƙarin sankara. A wannan shekarar ce kuma kamfanin BIND Therapeutics na Amurka, wanda ya kai ƙwayoyin folima har matakin gwaji a kan mutane, ya durƙushe. Akwai dai nasarori: Koriya ta Kudu ta amince da Genexol-PM a 2007, maganin sankara da aka naɗe a cikin folima mai narkewa. Alluran rigakafin korona na Pfizer da Moderna da suka iso Najeriya a 2021 ma ƙwayoyin nano ne, sai dai na kitse, kuma kowa ya ga irin sanyin da suka buƙata.

Wani aiki da ya dace mu sa wa ido shi ne na jami'ar MIT. A 2017 ayarin Robert Langer da Ana Jaklenec ya ƙera wasu 'yan kofuna na PLGA masu murfi, aka zuba sinadarin gwaji a ciki, aka soka wa ɓeraye sau ɗaya, kofunan suka riƙa buɗewa a rana ta 9, ta 20 da ta 41. Manufarsu ita ce rigakafin da ake yi sau uku ya koma allura ɗaya. Duk wanda ya ga yadda ma'aikatan rigakafin shan-inna suka yi shekaru suna bin gida-gida a Kano kafin a ayyana Najeriya ta rabu da cutar ta daji a Agustan 2020 ya san darajar wannan.

Kayan haɗin ma ba baƙi ba ne a gare mu. Laktik ɗin da ake yin PLA da shi daga sitaci ko sukari ake samo shi. Kamfanin NatureWorks a Nebraska ta Amurka masara yake amfani da ita, wata babbar masana'anta a Tailan kuma rake. Masarar Doguwa da Tudun Wada, da rake da rogon da ake nomawa a kudancin Kano, irin kayan nan ne. Aikin da ke da wuya shi ne tacewa har robar ta kai tsaftar da za a iya sa ta a jinin mutum, kuma wannan aikin masana harhaɗa magunguna ne da injiniyoyin sinadarai, irin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero ke yayewa. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai yana da tambaya a ƙofar gidansa: wane haɗi ne zai jure watan Afrilu a shagon magani na Tudun Wada ba tare da ya sauya hali ba?

Kafin ka danna "saya"

Kalmar nano ta riga ta shiga bakin 'yan talla. Za ka ga ruwan nano, man shafawa na nano, ko ƙwayar nano mai maganin cuta goma a WhatsApp da TikTok. Maganin nano na gaske yana da girman da aka auna, da matakin zafin da aka rubuta a jikin kwalinsa, da shekarun gwaji a bayansa, kuma galibinsu allurai ne da ma'aikacin lafiya ke yi a asibiti. Idan aka tallata maka wani, nemi lambar rajistar NAFDAC, ka shigar da ita a manhajar Greenbook ta hukumar ka ga ko sunan da kamfanin sun dace. Idan kuma an rubuta wa wani naka allura mai dogon aiki, ka karanta sharaɗin ajiyarta, ka tambayi mai sayarwa inda ya ajiye ta, kuma idan ta firji ce ka tafi da kula da ƙanƙara kafin ka hau mota zuwa gida.